Amsar da Baffa Ya Ba Kulu

Yako, Ƙaramar Hukumar Kiru.

Zuwa ga Goggona Kulu, a Gembu.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da Malam Habu da duk mutanen gida. Allah ya ba ki sauƙin ciwon gwiwar nan, ya raba ki da sanyin dutsenku. Mu nan alhamdulillahi. An gama yankan dawa, masara ta yi kyau, shinkafa ce dai ruwa ya yi wa yawa. Ƙanwata Saudatu ta sauka lafiya, an sami mace, an sa mata sunanki, kuma tun yanzu ta ɗauko faɗanki. Rubutu na zaɓa domin duk sanda na kira ki, kafin in kai ga maganar sai layi ya katse, ko ni in kauce in koma tambayarki shanu.

Maganar yayanki ce, mahaifinmu Baffa. Kin san gigin tsufan da ya fara masa shekara biyu da suka wuce. Abin da ban gaya miki ba, bara wasu likitoci daga wata jami'a a Kano sun zo asibitinmu neman dattawan da za su ba da kansu a yi bincike kan ciwon mantuwa. A masallacin Juma'a ya ji sanarwar, ya shigo gida ko takalmi bai cire ba ya ce in ɗauko mayafi in raka shi. Lokacin hankalinsa yana zuwa yana tafiya, amma ranar garau yake. Shugabarsu, Malama Ilham, ba ta ɓoye masa komai ba. Ta ce ba magani suka kawo ba, tambayoyi ne da ɗiban jini duk wata shida, kuma kowane zuwa sai an sake tambayarsa ko ya yarda. Ya ce ya ji. Ya ba ta labarin Inna, mahaifiyarku, yadda take sulalewa daga rugarku ta Doguwa neman shanun da aka sayar tun kuna yara, mutane suna cewa iska ce, aka yi ta yi mata hayaƙi har Allah ya karɓi abarsa. Ya ce in shi ba a samo masa komai ba, a samo wa jikokinsa. Da Hausa ya faɗa, ya dangwala yatsa. Yaya Abdulganiyu ya yi ta faɗa wai za a mai da tsoho abin gwaji, Baffa ya ce ai kansa ne, ba na Abdulganiyu ba.

To Goggo, tun farkon damina Hausa ta soma zube masa. Mutumin da ya shekara hamsin yana cinikin shanu a kasuwar Tudun Wada, yana kayar da dillalai da baki, yanzu Fillanci kaɗai yake yi. Malama Ilham ta ce hakan yana faruwa, harshen da mutum ya fara ji shi ne yake jimawa tare da shi. Ke kuma kin san mu. Sau nawa kika ce mun shanye nonon Fulani mun bar harshen a ƙwarya? Dariya muke yi miki. Ni Fillancina bai wuce gaisuwa da 'yan kalmomin kame-kame ba, kuma yau ba dariya nake yi ba. Ya ma daina kirana Nusaiba, Kulu yake ce mini. In na kai masa fura sai ya riƙe hannuna ya yi ta zuba zance yana jiran amsa, ni kuwa sai gyaɗa kai.

Ranar Talatar makon jiya muka je zama na uku. Malama Ilham ta tambaye shi ko ya yarda a ci gaba, bai gane Hausar ba. Aka kira wani ma'aikacinsu Bafulatani, Surajo, ya maimaita masa da Fillanci. Baffa ya kawar da kai. Kin san fulakonsa, ba ya buɗe cikinsa ga baƙo. Sai ya juyo wajena, ya kira sunanki, ya faɗi kalma biyu ƙasa-ƙasa, kunnena kaɗai ya kama. Ko dai mi yiɗi ya ce, ina so, ko mi yiɗaa, ba na so. Haƙora sun tafi, ƙarshen magana a maƙogwaro yake maƙale masa. Malama Ilham ta dube ni, na ce ya ce yana so.

Goggo, ban san abin da ya ce ba. Abin da ni nake so na faɗa. Ni ma nakan shiga ɗaki in tsaya in rasa abin da ya kawo ni, sai in tuna Inna, in tuna Baffa. An ɗebi jinin bai janye hannu ba, amma bai sake dubana ba har muka iso gida. Tun ranar na kasa zama wuri ɗaya. In ɗora tukunya in bar ta, in ɗauki tsintsiya in ajiye, in leƙa shi in dawo. Ranar Alhamis na koma na gaya wa Malama Ilham gaskiya. Ba ta yi mini faɗa ba, da ta yi ma da na fi samun sauƙi. Ta ce ta ware jinin da takardunsa gefe, in ba a tabbatar da amsarsa ba zuwa ƙarshen watan gobe za su cire sunansa. Ki duba mini. In so ya ce aka cire shi, na rushe abin da ya gina da hankalinsa. In ƙi ya ce na bar shi a ciki, na zalunci mahaifina da bakina.

Na sake tambayarsa ba adadi, sai ya yi mini dariya ya koma zancen maruƙa. Waya kuma kin ga yadda aka yi rannan, kina ta sallama yana juya ta yana neman inda kika ɓuya. Shi ya sa nake roƙonki ki zo. Na san tafiyar kwana biyu ce, na san gwiwarki. Maigidana Inuwa ya ce zai taro ki a Jalingo. Ki zauna kusa da shi a tabarmarsa ki tambaye shi yadda kuka saba tun kuna bin shanu, duk abin da ya ce shi zan kai. In ya ce a'a, ni zan karɓo takardarsa da hannuna, in ba su sunana a madadin nasa in za su karɓa, tun ina da bakin da zan ce na yarda.

Ki gaishe mini da Malam Habu, da Bushira da yaranta, da Ismail in ya leƙo gida. Saudatu da takwararki suna gaishe ki, haka Yaya Abdulganiyu, wanda har yanzu bai san abin da na yi ba. Ga Baffa can a inuwar ɗorawa, tun da na fara rubutun nan sau uku yana kiran Kulu, ni nake amsawa. Ki zo ki amsa da kanki, Goggo.

Wassalam, 'yarki,
Nusaiba.