Kaset ɗin Yaya Kabiru

Daren Lahadi, Selly Oak

Na dawo daga Gorton, har yanzu zuciyata tafasa take yi. Bayan mun ci tuwo a gidan Yaya Kabiru, shi da abokansa likitoci suka kaure da musu kan album ɗin hip hop da ya fi kowanne a shekarun casa'in. Duk suka tsaya kan na 'yan California. Na ce kiɗa kam sun iya, amma in baiti ake magana, na 'yan New York sun yi musu nisa.

Yaya ya dube ni ya ce, "Hadiza, ke da council ta rufe laburarenku ta sallame ki, nemi aiki tukuna, sannan ki koya mana waƙa."

Suka kwashe da dariya. Na sunkuyar da kai ina tattara kwanuka.

Ya manta ni nake fassara masa baitocin nan a Kano. Ya kuma manta da kaset ɗin da ya ɗauki kansa yana rap a banɗaki, yana kiran kansa Damisar Gwammaja. Yana cikin akwatina. Yanzu na gama saurarensa, murya kamar ɗan akuyar da ruwa ya daka.

Ran Asabar za a yi walimar ƙarin girmansa. Matarsa ta roƙe ni in haɗa abin da za a sa a sifika. Na ce, "Anti, bar min wannan."

Zan jira sai abokan nan sun cika faranti sun zauna. Sannan in ji a lamba ta nawa za su ajiye album ɗinsa.