Baƙin Janti

Litinin, 8 ga Yuli, 2024
Ranar Juma'a na wanke jantunan motar nan, wato ƙarafan tsakiyar taya, yau na gaba biyu sun koma baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Ƙurar birki ce. Ta hanya ja ce, ruwa kaɗai ya ishe ta. Wannan kuwa sai da sabulu da buroshi, a durƙushe, rami bayan rami. Shekara goma sha ɗaya ina tuƙa Madam Nafissa daga Lamorde zuwa buro, wato ofis, ba ta taɓa leƙa ƙafar mota ba, ni ne dai ba na jure datti. Gwiwoyina sun gaji.

Alhamis, 11 ga Yuli
Matata Tabawa ta gano inda sabulun wanke-wankenta ke tafiya. Wai in auri motar mana kowa ya huta. Ba ni da ƙarfin cacar baki.

Asabar, 20 ga Yuli
Birki na ƙara, na kai wa Isaka makaniki a Kalley. Tare muka taso a Tawa, bakinsa ba ya da linzami. Ya kwance ƙafar gaba, ya zaro filaket ɗin birki, abin da ke matse ƙafar in an taka, ya miƙo mini. Ya cinye saura ɗan siriri.

Ya ce, "Wata huɗu da na sa maka wannan. A da kana shekara da shi."

Na ce kayan yanzu ne, duk jabu. Ya ce shi ya sayo da hannunsa, in nemi wani dalilin. Ya goga yatsa a janti, ya nuna mini. "Tanimu, wannan baƙin ba daga sama yake zuwa ba, ƙafarka ce ke niƙa shi. Me kake tsoro a hanya?"

Na ce ya ɗaura mini abina in tafi. Ya ba ni shawara dai: kar in zuba ruwa janti na da zafi, kuma in ya bushe in shafa masa man nan na ƙyallin jikin mota, ƙurar ba za ta kama sosai ba. Wannan na ɗauka.

Talata, 23 ga Yuli
Na shafa man. Gaskiya ya taimaka, tsumma ɗaya ƙurar ta fita. Amma fitowa take, ba ta fasa ba.

Yau na ƙirga, don in ƙaryata Isaka. Daga bakin gada zuwa ɗaya bakin, sau goma sha huɗu na taka birki. Na bar ƙirgar.

Laraba, 31 ga Yuli
Na taka birki da ƙarfi saboda inuwar bishiya. Na ɗauka mutum ne ke tsallakawa. Takardun Madam suka watse, mai babur a baya ya zage ni da Zabarmanci, na ji rabi, rabin ya ishe ni. Madam ta ce, "Baba Tanimu, lafiya?" Na ce akuya ce. Ta waiga ta duba hanyar.

To bari in rubuta tunda ba mai karantawa. Idon dama ne. Tun kafin azumi kamar an shafa wa gilashi mai. In rana ta dube ni da safe a kan gada, komai fari fat, sai in bi fitilun motar gaba. Saura wata goma sha tara in yi retret, in ajiye aiki. In aka sani, za a karɓe makulli a zaunar da ni bakin ƙofa ina buɗe wa mutane. Ni da na yi Agadas sau nawa ban taɓa goge ko kaza ba.

Juma'a, 2 ga Agusta
Na wanke tun da sassafe kafin sauran direbobi su iso. Ba na son Idrisa, abokin aikina, ya ga baƙin, shi ma ya san abin da yake nufi. Mutum da furfurarsa yana ɓoye ƙura.

Litinin, 5 ga Agusta
Kusa da kasuwar Lazaret, bayan na sauke Madam ina komawa gida. Na ga wani abu a gefen dama, na ce inuwa ce, yau ba zan bari ta yaudare ni ba. Ban taka ba. Ashe dattijo ne da baro cike da albasa. Madubi ya bugi kafaɗarsa, baron ya kife. Na fito da gudu. Bai ji ciwo ba, Allah ya tsare. Muka tsince albasa tare, yana cewa, "Ba komai, Malam, ba ka gan ni ba ne." Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ban ci tuwo ba. Tabawa ta ajiye kwano ta zauna. Can ta ce ai ta daɗe da lura, in za ta miƙo mini abu ta hagu take zagayowa. Wata nawa ke nan, ba ta faɗa ba.

Talata, 6 ga Agusta
Ban wanke ba. Na gaji.

Alhamis, 8 ga Agusta
Na je asibiti. Dokta ya ce yanar ido ce, ana cirewa, ba wani babban aiki ba ne. Ya tambayi sana'ata, na faɗa. Ya ajiye alƙalami ya dube ni. Ya sa mini rana cikin Satumba. Ban gaya wa kowa a buro ba tukuna.

Litinin, 12 ga Agusta
Na ce wa Idrisa kaina na ciwo, ya kai Madam yau kawai. Na bi shi don in nuna masa ƙofar gidanta, shi ke nan dalilin. Ban taɓa zama a kujerar gefen direba ba, ashe an fi ganin kogi daga nan. Tuƙinsa ba laifi, sai dai yana matse wa na gaba. A kan gada ƙafata ta yi ta danna ƙasan mota, ba komai a wurin.

Da muka isa buro, Madam ta tsaya kafin ta shiga. Ta ce, "Baba Tanimu, wace rana aka sa maka? Tabawa ta gaya wa Isaka, shi kuma ya kira ni tun wancan mako. Ina jira ne ka faɗa da bakinka." Na faɗa mata ranar. Ta ce ta rubuta, kujerata ta tuƙi na jirana.

Idrisa ya miƙo mini makulli da yamma. Na ce ya riƙe, gobe ma wataƙila kan zai yi ciwo.