Kunnuwan Banjon Dogara

Sanaiya, Doha

Malama Rahmatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da ta'aziyya, ni ne Garzali, direban da ke kwana ɗaki ɗaya da yayanki Dogara. Ranar da muka yi waya kuka bai bari mun ji juna ba, shi ya sa na rubuta, zan ɗauki hoton takardar in turo miki.

A bakin get ɗin gidan da yake gadi a Al Thumama ya yanke jiki ya faɗi, ana gab da azahar. Likita ya ce zuciya ce. Kafil, wato ubangidan da ya ɗauko shi aiki, ya ce kai gawa gida dogon zance ne, khalas, magana ta ƙare, aka yi masa sutura a nan. Ina cikin waɗanda suka sa shi a kabari.

Kayansa ba yawa: yunifom, bargo, takalmi, sai banjo, wannan da yake kira gurmin Bature. Wani Bature ne da ya tashi daga gidan ya bar masa. Siddiq, wani ɗan ɗakinmu, zai zo gida hutu, kilon da aka ba shi a jirgi kuma kaɗan ne. Me kuke so a aiko?

Ki gaida mahaifiyarku, Inna Hajjo. Allah ya ba mu haƙuri.

Garzali

*

Malumfashi

Malam Garzali,

Wa'alaikumus salam. Allah ya saka maka da alheri, ka yi mana abin da ɗan'uwa na jini zai yi.

Tufafin ku yi sadaka da su. Banjon kawai Inna take so. Wataƙila Yaya ya gaya maka idonta ya rufe tun kafin ya tafi. Duk Juma'a yakan kaɗa mata ya turo ta waya, ta yi ta yi masa tsiya wai ɗan da ta haifa ya tsallaka teku don ya zama maroƙi. Yanzu waɗannan kaɗe-kaɗen da ya turo take sa ni in kunna mata, tsiyar kuma ta daina. Ba ta da kabarin da za ta je. Don Allah a lallaɓa shi ya iso.

Na gode,
Rahmatu

*

Sanaiya, Doha

Malama Rahmatu,

Sallama da fatan alheri. Banjo na hannun Siddiq, kuma za ku ga aiki.

Gaskiya da na ɗauko shi kunya ta kama ni. Kunnuwansa, wato 'yan kawunan robar da ake murɗawa a ɗaure tsirkiya, duk zafi ya cinye su. Sun yi baƙi, sun lotsa, biyu sun tsage ya naɗe su da salatif. Mu a nan ba ma aika kayan mamaci gida a haka, kada iyaye su ga irin zaman da ya yi. Ko takalmi sai mun goge.

Na nemo sababbi farare tas wurin wani kafinta ɗan Indiya a nan bayanmu. Aikin ba wasa ba ne. Kowane kunne da ɗan sukuru a kansa, ka kwance, ka zare tsohon, ka zura sabon a ƙarfen. Ramin sababbin ya matse, sai da na bi kowanne da magagari a hankali. In ka ɗaure sukurun da yawa kunnen ya fashe, in ka sassauta tsirkiya ta zame. Na fasa ɗaya kafin hannuna ya gane. Tsofaffin na share su na zubar.

Abu ɗaya za ku yafe mini. Akwai kunne na biyar, shi kaɗai a gefen wuya, ƙarfensa daban ne, sabon ya ƙi shiga duk yadda na yi. Haka na bar shi da dauɗarsa, ya ɓata mini aiki. Ki juya wannan gefen bango idan baƙi sun zo.

Naku,
Garzali

*

Malumfashi

Malam Garzali,

Sallama. Siddiq ya iso, mun gode. Na daɗe ina juya yadda zan rubuta maka wannan, don na san alheri ka nufa.

Na ɗora wa Inna shi a cinya. Ba ta taɓa tsirkiya ba. Kai tsaye ta kai hannu sama tana laluben kunnuwan, don Yaya ya sha gaya mata babban yatsansa ya yi rami a kowanne, har yana cewa in ya dawo zai sa yatsanta a ciki ta ji. Ni ma ban tuna da zancen ba sai a lokacin. Ta shafa na farko, ta shafa na biyu, ta ce, "Rahmatu, an yi musanye. Wannan ba na Dogara ba ne."

Na rantse mata, ta ƙi. Tana ture shi ne hannunta ya faɗa kan wanda ka ce in juya bango. Ta tsaya. Ta sa yatsa a lotsawar, ya zauna daidai. Tun ranar da aka yi rasuwar ba ta yi kuka ba sai a nan.

Da ta natsu ta ce ina sauran huɗun. Na ce suna hanya. Malam Garzali, raina ya ɓaci da kai, ba zan ɓoye ba, amma roƙonka nake: ka duba inda ka zubar.

Rahmatu

*

Sanaiya, Doha

Malama Rahmatu,

Sallama. Na karanta, na kasa cin abinci.

Na zazzage kwandon ɗakinmu. Na shiga babbar bolar bayan gini da ƙafata, 'yan ɗaki suna riƙe mini buhu. Motar shara ta riga ni. Na bi ta har inda ake juyewa, mai gadin wurin ya ce, "Yalla, koma," ya nuna mini tudun da ya fi gininmu tsawo.

Kafintan nan ya ce yana da tsofaffin kunnuwa na wani banjo, su ma sun sha hannu. Na karɓa, ga su a aljihuna. Ban iya yanke hukunci ba. In kin ce in aiko, zan aiko.

Ki roƙar mini gafarar Inna, ko ba ki faɗa mata dalili ba.

Garzali

*

Malumfashi

Malam Garzali,

Kada ka aiko. Ta san yatsan ɗanta.

Ta ce in gaishe ka, in sa maka albarka, wai kai ne yaron kirkin da zai kawo mata sauran. Kullum bayan ta idar da sallar asuba sai ta tambaye ni ko sun iso.

Yau ma na ce mata suna hanya.

Wassalam,
Rahmatu