Rabon Hauwa

Litinin, 8 ga Yuli, 1985
Na kai Mama asibiti. Hawan jininta bai sauka ba, ƙafafun kuma sun kumbura, takalmi ba ya shiga. Nas ta wanke ni tas a gaban mutane, wai ba na ba ta magani. Ni da nake ajiye mata kwalbar a gefen gado kullum kafin in tafi masaƙa! Ta ce in aka ci gaba a haka, wata rana ɓarin jiki zai shanye.

Alhamis, 18 ga Yuli
Kwalba ta kusa ƙarewa kamar yadda ya kamata, amma kan Mama yana sara. Ban gane ba.

Asabar, 20 ga Yuli
Yau asiri ya tonu. Injinmu ya tsaya, aka sallame mu da wuri. Na tarar da Hauwa, ƙawar Mama ta Makera, wadda suka tsufa tare suna sayar da kayan miya. Mama tana ɗaure mata ƙwayoyi a bakin zani. Ashe raba su suke yi, yau Mama ta sha, gobe Hauwa.
Mama ta ce min wai, "Ciwonmu ɗaya ne, Scholastica. Yaya zan sha ita tana kallona? Ko goro ba mu taɓa ci haka ba."
Na ce wannan ba goro ba ne. Na ce wa Hauwa ta je 'ya'yanta su yankar mata katin asibiti, ta daina kashe min uwa. Ta kwance bakin zanin, ta zube su a kan tabarma, ta fita ba ko sallama.

Lahadi, 4 ga Agusta
Yanzu kwalbar a jakata take kwana. Ni nake sa wa Mama ƙwayar a baki, in ce buɗe in gani. Jiya na tsinci ɗaya a bayan tukunyar ruwa, ta tofar. Ko coci ta ƙi a kai ta. Raina a ɓace yake, na gaji.

Talata, 13 ga Agusta
Hauwa ta faɗi a kasuwa ranar Lahadi. Jiya aka binne ta.

Juma'a, 16 ga Agusta
Yaya Sylvanus ya ce kada kowa ya gaya wa Mama, jininta ba zai ɗauka ba. An ja kunnen maƙwabta. Na je Makera gaisuwa, 'yarta ta shimfiɗa min tabarma ta kawo ruwa. Ba ta san abin da na faɗa wa uwarta ba. Na kasa shan ruwan.
Mama ta daina haɗiye maganin gaba ɗaya. Wai sai an kai wa Hauwa nata.

Laraba, 4 ga Satumba
Kumburin ya ragu. Ba wani abu na yi ba, dabara ce kawai: biyu nake zuba mata a hannu. Ta sha ɗaya, ta miƙo min ɗayar ta ce, "Ki biya Makera." In na fita sai in mayar cikin kwalba.
Yau ta tambaye ni yaya jikin Hauwa. Na ce da sauƙi, tana gaishe ki.
Ta ce, "Kin gani? Maganin ya karɓe ta."