Katin da Baba Bai Rubuta Ba

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Anti da yara. Ka gaishe mini da Baba, ka ce masa Autarsa na kewar faɗansa.

Ga samfurin katin bikina guda uku a cikin ambulan ɗin nan. Duk baƙaƙe ne, kada ka buɗe ka hau salati, shi ake yayi yanzu. Na farko mai sheƙi ne da rubutun ruwan zinariya, sai dai yana kama shatin yatsa. Na biyu ba shi da sheƙi, rubutunsa ruwan azurfa, da siririn layi a gefe. Na uku mai kauri ne, haruffan sun taso har kana jin su da yatsa. Ni da angon mun fi son na biyu.

Na rubuto ne maimakon in kira, don na san da ka ɗaga waya Baba zai miƙo hannu. Ka san ku huɗu duk shi ya rubuta sunayen waɗanda aka gayyata a katin aurenku, ɗaya bayan ɗaya, da alƙalaminsa. Zuwana na ƙarshe ya ce mini ya ware sabon alƙalami don nawa. Amma Yaya, kai da kake gida ɗaya da shi ka fi ni sanin yadda hannunsa yake rawa yanzu. Lambar waya ya rubuta mini ranar, sai da na tambaye shi ko bakwai ce ko ɗaya. Kati ɗari uku ne, kuma dangin angon mutane ne masu sa ido.

Don Allah ka gaya masa mai buga katin ya ce baƙar takarda ba ta cin rubutun hannu, dole inji ya buga sunayen. Ba ƙarya ba ce gaba ɗaya, ai biro ba ya fitowa a kanta. Hutu ne ma a gare shi.

Ka huta lafiya.
Ƙanwarka, Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, kowa na gaishe ki. Katunan sun iso. Antinki ta ce na ukun ya yi kama da kwalin sabuwar waya, ni kuwa na biyun ya tuna mini allon ajinmu. Amma bikinki ne, ki yi abin da ranki ke so.

Na isar da saƙonki, kuma tun ranar nake jin kunyar kaina. Baba ya karɓi na biyun, ya kai shi bakin taga, ya kankare gefensa da farce, sai ya fashe da dariya. Ya ce, "Mai injin nan bai san aiki ba. Ni za a gaya wa baƙi ba ya cin rubutu?"

Auta, ni da ke wawaye ne. Shekara arba'in mutumin nan yana rubuta allunan shaguna, rabinsu farin fenti a kan baƙin allo. Da su aka ciyar da mu, da su aka sa mu makaranta. Cikin duk ƙaryar duniya, ita muka zaɓa muka kai masa.

Washegari ya shiga mota shi kaɗai, ya je shagon masu kayan zane, ya dawo da kwalbar farar tawada da bakin alƙalami iri uku. Ya kwashe duk kwalayen gidan nan, ya shafe su da baƙin fenti, ya yanyanka su daidai girman katinki. Kullum in ya karya kumallo sai ya zauna a teburin nan na bakin taga yana gwaji har azahar. Hannun hagu yake sawa ya riƙe wuyan na dama. Tunda ba shi da jerin sunayen, daga kansa yake rubuto dangi da maƙwabta.

Ba zan ɓoye miki ba, rubutun yana rawa. A cikin goma, biyu ne za ki ce nasa ne na da. Amma ya koma cin abinci sosai, ya je an yi masa aski, jiya har na ji shi yana ƙananan waƙe-waƙe yana wanke alƙalami. Tun da ya rufe shago ban gan shi haka ba.

Sau uku ke nan yana tambayata yaushe katunan za su zo. Ki aiko da su, ko ki kira shi da kanki. Ni dai bakina ya gaji.

Yayanki

*

Yayana,

Ina gaishe ka da kowa na gida. Na karanta wasiƙarka a ofis, sai da na shiga banɗaki na wanke fuska kafin in iya komawa kujerata.

Akwai abin da ban gaya maka ba. An riga an buga katunan, duka ɗari ukun, kowanne da sunan mai shi. Tun kafin in rubuto maka wasiƙar farko aka gama. Samfuran da na aiko na rufe ido ne kawai, don a ga kamar ana shawara. Kai ma na yi maka ƙarya, ka yafe mini.

Dangin angon sun kwashi nasu sun fara rabawa. Namu na nan cikin kwali a ƙarƙashin teburina, duk sanda na miƙe ƙafa sai na buge shi.

Na ce maka don ya huta na yi. Na gaya wa kaina haka har na kusa yarda. Gaskiyar ita ce, ranar da muka je wajen mai buga katin ni da mahaifiyar angon, fari mai furanni na fara ɗauka. Sai na hango ta a raina tana buɗe irinsa a gaban ƙawayenta, sunanta a karkace, tana tambaya wa ya rubuta. Na ajiye shi na nuna baƙin. Mai shagon ya ce, "Wannan sai dai inji ya sa suna." Wallahi wani sanyi na ji a raina. Kunyar hannun ubana na ji, Yaya, hannun da ya riƙe nawa ya koya mini yadda ake zagaye harafi. Har yau in an yabi rubutuna a ofis, sai in ce gado na yi.

Ka ba ni mako biyu, zan nemi hutu in zo in faɗa masa da bakina. Kafin nan ga jerin sunayen na haɗo da shi, ka ba shi ya ci gaba da gwajinsa, kada ya zargi wani abu.

Taka,
Auta

*

Auta,

Gaisuwa. Ba sai kin nemi hutu don wannan maganar ba, Baba ya riga ya sani.

Na ba shi jerin kamar yadda kika ce, da na sani ban ba shi ba. Ya lasafta kwanakin da suka rage, ya ce in ya yi goma sha biyar a rana zai gama da sauran lokaci. Ina tsaye a kansa ina gyaɗa kai.

Ranar Talata na kai shi asibiti ganin likitan hannunsa. Ashe likitan abokin mahaifin angonki ne. Yana gama duba shi sai ya ja aljihun tebur ya fito da baƙin kati, yana murmushi, ya ce, "Ashe 'yarka ce za mu sha bikinta? Na ga sunanka a ciki."

Baba ya karɓa. Ya ciro tabarau ya sa. Ya daɗe yana kallon sunan likitan da inji ya buga, har likitan ya fara duban fuskata. Can ya ce, "An tsara shi da kyau. Tazarar haruffan daidai take." Ya mayar masa da hannu biyu, ya yi godiya.

Muka kamo hanya a mota har muka kusa gida. Ya tambaye ni, "Kai ma ka sani?" Na ce e. Ya ce, "To."

Da muka shiga, ya wanke alƙalumansa ɗaya bayan ɗaya, ya goge su, ya zuba a gwangwaninsu ya ɗora a saman kabad. Kwalayen gwajin ya tattara ya ba Antinki ya ce ta zubar. Ba ta zubar ba, suna ɗakinmu. Na duba su. Na kwanakin ƙarshe sun fi na farko nesa ba kusa ba, kuma sunan mahaifiyar angonki ya fi maimaitawa, ya ce ita ce babbar baƙuwa, nata ya kamata ya fi kyau.

Bai yi faɗa ba, yana cin abinci, yana amsa gaisuwa. Da ma ya zage ni, da na fi samun sauƙi. Teburin bakin tagar yanzu yara ne ke aikin makaranta a kai.

Yayanki

*

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum. Ina durƙusawa ina gaishe ka, tare da fatan Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana.

Baba, na yi maka ƙarya, kuma na sa Yaya ya ɗauko ta ya kawo maka. Laifin nawa ne ni kaɗai. Ba mai buga kati ba ne ya hana ka, ni ce. Na zaɓi baƙin kati ne da gangan don kada ka rubuta, saboda na ji tsoron abin da mutanen da ban ma gama sani ba za su ce game da hannunka. Na san kana jiran wannan aikin, na sani sarai, na yi duk da haka. Ko tambayarka ban yi ba.

Na koma wajen mai shagon, ya buga mini talatin ba suna, irin na biyun nan da ka kankare da farce. Ga su a cikin ƙunshin nan. Na ware na danginmu na kusa daga waɗanda inji ya buga, ba zan raba su ba. Ina roƙonka ka rubuta waɗannan da hannunka, yadda duk suka fito haka nake so. Na mahaifiyar angon ma zan je in karɓo nata in kai mata naka.

Na san ba daidai yake da ɗari ukun da na ƙwace maka ba. Ka yafe mini, Baba.

'Yarka mai neman gafara,
Auta

*

'Yata Auta,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Saƙonki ya iso, na ji duk abin da kika ce.

Na yafe miki duniya da lahira, kada ki shiga ɗakin mijinki da nauyi a zuciya. Yayanki ma na yafe masa. Da kin tambaye ni tun farko, wataƙila da na ce miki ba zan iya ɗari uku ba, ki bar mini goma. Amma wannan ya wuce.

Ga katunanki talatin na mayar miki yadda suka zo. Ki raba waɗanda inji ya buga, aikinsa mai tsafta ne, kuma kada ki je ki tayar wa surukarki da hankali a kan kati. Zan zo bikin in Allah ya yarda. Allah ya yi miki albarka, ya ba ku zaman lafiya.

Yayanki ne yake rubuta wannan, ni ina faɗa masa. Ya miƙo mini in sa hannu a ƙasa, na ce ya sa mini.

Mahaifinki