Rakiyar Baƙo Bayan Nijar Ta Fice

Zuwa ga mahaifina, marigayi Malam Garba mai masauki,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ɗa ga mahaifi, Baba, ina sanar da kai an kashe Yaya Lawal, kuma a kan aikinka aka kashe shi.

Ka bar mana zaure a Mai'adua inda fataken dabbobi na Nijar ke sauka. Mu ba su tuwo, mu nemo musu masu saye, ranar tafiya mu raka su. Har mari na sha a hannunka kan rakiyar nan. Kana cewa, "Mai masauki ba ya juyowa sai ya ga baƙonsa ya taka ƙasarsu."

A lokacinka ƙofar iyaka ce. Ka gaisa da ma'aikata, ka dawo kafin Magariba.

Yanzu Nijar ta fice daga ƙungiyar kasuwancin ƙasashen nan. Manya sun yi fushinsu a ofis, mu aka bari da shi. Ƙofa ta koma takardu da haraji da harara, sai fatake suka koma bin daji. Kara ta yi fayau. Samarin da ke koro shanu suka rasa abin yi, wasu suka shiga fasa-ƙwaurin fetur, wasu suka ɗauki bindiga. Idan ka yi waya da ɗan'uwanka na can, a ce kai ɗan leƙen asiri ne.

Ka tuna Alhaji Idi na Matamai, abokinka mai tsokanarka da rowar manshanu? Bai daina zuwa ba. Ranar da ya sayar da tumakinsa, Yaya ya ɗauke shi a babur ta hanyar daji. Da rana tsaka aka tare su a kwari. 'Yan bindiga ne. Alhaji suka fara harbi, a ciki. Masu gona a wurin sun ce an ce wa Yaya ya gudu, ba shi ake nema ba. Ya ƙi. Ya kifa kansa a kan dattijon, suka yi ta saransa da adda har hannunsa ya rabu da kafaɗa.

Ni na wanke shi, Baba. Na rasa inda zan fara zuba ruwa. Kuma wanda aka gane cikin maharan, tuwon gidanmu ya girma yana ci. Idan na tuna wannan, zuciyata tafasa take yi.

Gawar Alhaji ba ta samu takardar tsallakawa ba. Muka binne shi kusa da kai. Rediyon can ta ce mu ne, ta nan ta ce su ne.

Jiya babban ɗan Alhaji ya yi sallama a zaure da tumaki, don ba su da wata kasuwar. Gobe zai koma. Inna ta riƙe rigata tana kuka, ta ce ɗa ɗaya ya rage mata. Ina jin tsoro, Babana, ba zan ɓoye maka ba. Amma na duba fuskarsa na kasa ce masa ya tafi shi kaɗai. Na riga na zuba mai a babur.

Allah Ya haskaka kabarinka, Ya jiƙan Yaya da Alhaji, Ya ba Inna haƙuri da ni. Idan ban dawo ba, sauran labarin da bakina za ka ji.

Ɗanka,
Habu