Ƙwaryar da Aka Kife a Kan Sawu

Zuwa ga kakata, Iya ta Limawa,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa irin ta jika ga kakarsa, ina fatan Allah Ya sa kina cikin ni'imarSa, Ya yalwata miki makwanci. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Gidanmu yana nan inda kika bar shi, sai dai an sare darbejiyar ƙofar gida an kafa shago a wurin.

Na san wasiƙa ba ta zuwa inda kike. Masu bibiyar rubutuna ne za su karanta, kuma na yarda su karanta, domin a gaban mutane na yi miki laifi, a gaban mutane ya kamata in nemi gafara. Jiya jikata mai sunanki, wadda muke kira Iya Ƙarama, ta tsare ni da tambaya. Wai me ya sa nake mutuwar son finafinan masu binciken laifi, amma da an zo wurin tona asiri sai in miƙe in ce zan yi alwala? Na ce mata tsufa ne. Ƙarya na yi mata, Iya, ke ce dalili.

Kin tuna talabijin mai baƙi da fari da na saya shekarar da na fara koyarwa? Da batirin mota muke kunna ta a tsakar gida in rana ta yi sanyi. Ranar farko cewa kika yi ba za ki kalli akwatin shaiɗanu ba, kika juya mana baya kina kaɗi. Ba a yi mako guda ba sai ga tabarmarki a sahun gaba, har kina korar yara wai sun tare miki. Turanci ko kalma ɗaya ba kya ji, ni ne tafintanki, in na yi jinkiri ki zungure ni da mazari. "Angona, me ya ce? Kai wane irin miji ne, ana magana a gaban matarka ka yi gum?"

Ba kowane shiri ne ya kwanta miki ba. Na raye-raye tsaki kike ja masa. Na masu tsafi da dodanni kina so, ko da yake kin ce dodon tatsuniyarki ya fi nasu ban tsoro. Masu shiga jirgi su nufi taurari kuwa dariya suke ba ki, kina ce musu, "Ku je ku dawo, ku faɗa mana in gero yana yi a can." Amma in aka sa na bincike ba kya ko murmushi. Da an nuna ɗakin da aka yi ɓarna, wani ya miƙa hannu zai ɗauki wani abu, sai ki daka masa tsawa: "Kada ka taɓa! Bar shi yadda ka gan shi!" Mu yi ta ƙyalƙyala dariya, ba mu san abin da muke yi wa dariya ba.

Bayan irin wannan fim ne kike ba mu labarin mahaifinki. Bari in maimaita miki shi, ki ji ko na riƙe.

Kina ƙarama a Aujara, Nasara bai daɗe da cin ƙasar ba, har lokacin in an ce ga Bature mata kan kwashi 'ya'ya su shige gona. Wani Bature ya zo rangadi da damina, ya sauka a bukkokin da aka yi masa a bayan gari. Yana da garmaho, akwati mai kakakin tagulla a kansa, in an murza sai murya ta fito tana waƙa. Wasu suka ce aljanu ya kulle a ciki, wasu suka ce muryar matattu ce. Kowa daga nesa yake leƙe, ban da mahaifinki, Malam Ɗanjuma maƙeri. "Babana ba ya ganin abu ya ƙyale sai ya san cikinsa," in ji ki. Ya matsa har gaban akwatin ya durƙusa, ya ƙwanƙwasa kakakin da farce, ya sa tafinta ya tambayi Bature ta ina muryar take shiga. Duk garin sun gan shi.

Bayan kwana biyu aka wayi gari babu kakaki. Bature ya aika wa maigari cewa in azahar ɗin gobe ta yi ba a kawo ɓarawo ba, rawaninsa ya tafi. Dogarai biyu da ke rakiyar Bature suka fara bin gida gida, suna zazzage rumbu suna ɗaga tabarmi.

Washegari da sassafe mahaifinki ya fita zai buɗe maƙera, sai ga kakakin a cuse cikin tarin gawayinsa a bayan danga. Ɓarawon ya ga bincike ya matso, ya zo ya sauke masa kayan. An yi ruwa da yammacin jiya, ƙasa da laushi, ga sawu ɗaya ya fito raɗau a gindin dangar, ƙafar dama ce, babban yatsanta a karkace. Sauran takun sun bi ta kan ciyawa. Sai ya yi abin da kowa ke yi a zamanin in an yi sata: ya ɗauko ƙwarya ya kife a kan sawun, don kada kaji su tone shi kafin mai bin sawu ya zo. Ya ɗauki kakakin da hannunsa ya kai wa maigari, ya roƙa a kira tsohon Bafulatanin nan na rugar gabas, wanda ya san ƙafar kowa a ƙasar kamar yadda ya san shanunsa.

Maigari ɓarawo yake nema, ga kuma maƙerin da kowa ya gani yana shafa kakaki ya kawo kansa. Aka zaunar da shi a ƙofar gida, dogari a kansa, aka tura ɗan aike ruga. In kin zo nan muryarki raguwa take yi. "Ranar nan rana gudu take yi," kike cewa. Inuwar zaure tana gajarta, mutane suna duban sama suna duban hanya, mahaifinki yana ta maimaita musu cewa su dai yi haƙuri, shaidarsa tana ƙarƙashin ƙwarya.

Rana ta kusa tsaka tsohon ya iso, sanda a kafaɗa. Gari duka ya bi shi har bayan dangarku. Ba ƙwarya, ba sawu, ƙasa sumul. Tsohon ya tsuguna ya daɗe yana dubawa, ya girgiza kai ya ce, "Abin da aka share, ko ni ba na karanta shi." Dogari ya ce duk wanda ya ɗauke ƙwaryar nan abokin ɓarawo ne, a fito da shi a haɗa su igiya ɗaya. Mahaifinki ya bi jama'a da kallo, ya sunkuyar da kai ya ce akuya ce ta ture.

Aka ɗaura masa igiya a ƙugu aka tafi da shi Kano a ƙasa. Bai dawo ba. Bayan an yanke gero wani fatake ya kawo labarin ciwon ciki ya kashe shi a kurkuku. Kullum a nan kike rufe labarin: "Akuya ce, Angona. Akuya ba ta da hankali."

Akwai yammar da aka nuna wani mutum mai na'urar da ke mayar da mutum shekarun baya. Ina fassara miki sai na ga kin ajiye mazari. Kika tambaye ni ko da gaske suna da ita, na ce ƙaryar fim ce. "To in sun ƙera ta gaske, ka ce su kai ni safiya ɗaya tak. Ba zan daɗe ba." Ni sarkin surutu sai na ce ai na gane, tsohon saurayinki za ki je gani, kuma ban yarda ba.

Finafinan nan sun koya mini lura, Iya, sun kuma koya mini jin kai na wanda ya fi kowa wayo. Na fara haɗa abubuwa. Ba ki taɓa sa tsintsiya a ƙasa ba sai kin sunkuya kin duba wurin. In kin ga ƙwarya a kife, ko a tsakar ɗakinki ne, kewaye ta kike yi ki kira wani ya ɗaga. Sharar safe aikin 'yar gida ne, ke kaɗai ce kuma 'ya mace a gidanku. Ga maganar tsohon nan, abin da aka share. Ranar da na gama haɗawa, wallahi daɗi na ji, kamar na ci jarrabawa.

Na jira rana. Wata yamma tsakar gida ta cika har da maƙwabta, fim ya ƙare da mai bincike ya tara kowa a falo ya nuna mai laifi da yatsa. Kika ɗauko labarinki. Ina zaune ina jin kina matsowa, daga garmaho zuwa gawayi, daga gawayi zuwa ƙwarya. Mahaifiyata ta lura da yadda nake mutsu-mutsu, ta dube ni sau biyu. Da kika iso kan akuya sai na miƙe, na goya hannu ɗaya a baya irin na mutumin fim, na ɗaga yatsa na ce, "Iya, akuyar Aujara tsintsiya take riƙewa?"

Yara suka fashe da dariya. Manya ba wanda ya motsa. Zaren da ke hannunki ya tsinke, mazarin ya gangara har gindin batir, ba ki bi shi da ido ba. Ni kika kalla, ba da fushi ba, da fushi ne ma da na ji sauƙi. Kika dafa ƙasa kika miƙe, kika naɗe tabarmarki kika shige ɗaki.

Ba ki sake zama gaban akwatin nan ba. Ba ki sake ba da labarin ba. Kullum sai in ce gobe zan shiga in ba ki haƙuri, in na zo bakin ƙofa kunya ta mayar da ni.

Wata safiya ina ɗaure littattafan ɗalibai a bayan keke, kika zo wucewa da buta. Kika tsaya, ba ki dube ni ba. "Ƙwaryar furar innata ce. Na gan ta a ƙasa, na ce faɗa za a yi mini. Na wanke ta tas, na share wurin, ina jira a yaba mini." Sannan kika ce, "Babana ya gan ni da tsintsiyar a hannu, Angona, ya ce akuya. Shekarata bakwai." Ni da ke fassara Turanci ba gargada, Hausa ɗaya tak na yi miki. Na ce na makara, na hau keke. Kafin a shigo da amfanin gona na shekarar nan kin rasu.

Sai daga baya na gane abin da kike zuwa nema a sahun gaba. A cikin akwatin nan sawu ba ya ɓacewa, komai daɗewa sai wani mai lura ya zo ya karanta shi, a kwance wanda aka ɗaure bisa kuskure ya koma gidansa. Kowace yamma mahaifinki ake sako miki. Ni kuwa a zatona daɗin fim shi ne a nuna mai laifi. Maƙerin da bai taɓa ganin fim ba ya gano gaskiya da kallo ɗaya, ya rufa wa 'yarsa asiri har ya mutu a kai. Ni ɗan boko na zo na tone don yara su yi dariya.

Iya Ƙarama shekararta bakwai bana. Da safen nan na zauna a bakin zaure ina kallonta tana shara, tana 'yar waƙarta, da hannu biyu take riƙe tsintsiyar don ta fi ƙarfin hannu ɗaya. Da ta gama ta zo ta tsaya a gabana tana jira in ce ta iya. Na ce mata ta iya. Sai yau na ga ƙanƙantar yarinyar da na tsayar a gaban mutane na nuna da yatsa.

Ga abin da ya kamata in faɗa miki a gindin keken nan. Ba ke kika ɗaura masa igiya ba, Iya. Aikin da aka koya miki kika yi, kuma kin iya.

Ki yafe mini. Allah Ya jiƙanki, Ya jiƙan Malam Ɗanjuma, Ya saka masa a kan wanda ya cusa masa kakaki a gawayi. Allah Ya haɗa ki da shi a Aljanna da wata safiya wadda ba gaggawa a cikinta, ki gaya masa da bakinki, ki ji amsarsa da kunnenki. Mu kuma in tamu ta zo Allah Ya sa mu cika da imani, amin.

Naki har kullum,
Angonki da bai iya bakinsa ba,
Sabo, daga Limawa, Dutse.